Barsu da duhun sito: abin da na rubuta daga kaka zuwa tsakiyar hunturu

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau kwana shida ke nan karena Barsu yana ƙin kwana a sito. Na ce bari in fara rubuta abin da nake gani dare da dare, don in na bar shi a ka, gobe wani ya faɗi tasa, jibi wani ya ƙara gishiri, sai in kasa bambance abin da idona ya gani da abin da aka ba ni labari.

Bara ɓarayi suka fasa tsohon ɗakin ƙasa da muke ajiye amfanin gona, suka yi gaba da buhu huɗu na riɗi, a daren da ƙanina ya tafi da karen wajen garke. Shi ya sa bana na daure na gina sito na bulo a jikin zaure ta waje, rufin kwano, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe. Ban bar masa taga ko ɗaya ba, don a ganina taga ƙofar ɓarawo ce. Niyyata karen ya riƙa kwana a ciki kamar yadda ya saba a tsohon ɗaki. Kare a waje ana iya jefa masa nama mai guba, amma na ciki sai dai a ji haushinsa, hannu ba ya kai gare shi.

Barsu ya kai shekara takwas. Yana ɗan kwikwiyo na karɓo shi daga hannun wani tsohon mafarauci a nan gabas da Gumel. Ya kori dila daga akurki, ya kashe gafiya ba adadi, bai taɓa nuna mini tsoron komai ba. Da rana yana shiga siton nan, ya shinshina buhuna, har ya miƙe a kan siminti yana shan sanyinsa. Da zarar an yi magariba kuwa, sai ya tsaya cak a dokin ƙofa, ya matse bindi tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, yana haki kamar wanda ya yi tsere. Ba ya haushi. Ba ya gurnani. Tsayawa kawai yake yi yana kallon ƙasa.

Talata, 5 ga Nuwamba

Dole in rubuta wannan ko da ba daɗi. Shekaranjiya na zane shi da tsumagiya. Na dawo daga gona a gajiye, na kira shi sau uku ya ƙi, raina ya ɓaci. Jiya kuma ƙanina ya ce, "Yaya, bar ni da shi, lalaci ne kawai na tsufa." Ya ja shi ta wuya ya tura ciki ya datse ƙofa. Har ƙarfe ɗaya na dare muna jin ƙaran faratansa a jikin ƙarfe da wani irin kuka siriri wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na tashi na buɗe. Ya yi fitsari a bakin ƙofa, leɓensa ya fashe, jikinsa na rawa. Yau ko da rana ya ƙi kusantar siton. Mun mayar da aikin baya da hannunmu.

Inna ta kira ni bayan la'asar. "Ɗan nan, ka bar dabbar Allah. Filin da ka yi ginin nan akwai tsohuwar tsamiya a wurin tun kafin a haife ka. Kare yana ganin abin da ba ka gani." Maiɗakina ma da ita take, har ta hana yara wucewa ta wajen da almuru.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci na tsaya wajen Liman, na zayyana masa komai. Abu biyu na tambaya: ajiye karen kansa, da maganar Inna.

Ya ce hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma tunda ba a ɗakin kwana ko wurin salla yake ba, in kwantar da hankalina. Har ya ba ni labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda aka ce ya ajiye kare a gidansa don tsaro, da aka tuna masa Imam Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Muka yi dariya.

A kan ta biyu ya ce gaskiya ne an umarce mu da neman tsari idan mun ji haushin karnuka da kukan jakuna da dare. "To amma naka haushi yake yi?" Na ce a'a, Allah gafarta Malam, shiru yake yi yana makyarkyata. Ya ce, "Ka yi addu'a a ɗakin, wannan ba ya ɓaci. Sannan ka ɗauki tocila ka duba ko maciji ne. Ruwa ba ya tsami banza."

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mun fitar da komai waje, ni da ƙanina da yara biyu: riɗi buhu 11, gero 9, wake 5, da zoɓo da ba a gama ɓarewa ba. Babu kububuwa, babu gamsheƙa, babu saɓar maciji. Kunama guda muka kashe a bayan wani tsohon turmi, sai kashin ɓera kaɗan.

Amma mun gano abin da ya fi maciji. Ina ɗaga buhun wake na ji wani wari kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Ashe ƙanina ya ƙulla ƙwayar Phostoxin a tsumma ya cusa a kowane buhu don kada ƙwaro ya huda waken, bai gaya mini ba. Jikina ya yi sanyi. Wannan ƙwaya da ta sha danshin iska sai ta fara sakin iskar guba, ita ce ke kashe ƙwaron, kuma ba ta bambance ƙwaro da mutum ko dabba a ɗakin da ke rufe. Cikin irin wannan ɗaki muka kulle kare rabin dare, ba taga. Allah ne ya sa ƙasan ƙofar ba ta zauna daidai ba, iska na shiga.

Na yi wa ƙanina faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce kowa haka yake yi. E, kowa na yi, shi ya sa lokaci-lokaci ake jin iyali sun kwana da buhun wake a ɗaki an wayi gari ana salati. Waken mun kai shi wata rumfa can bayan gari wajen masussuka, tokar maganin mun binne ta da nisa daga rijiya. Baɗi in Allah ya kai mu buhu mai leda biyu a ciki zan saya, irin wanda ake ɗaure bakinsa ƙwaro ya mutu don rashin iska, ba magani ba komai.

Sito zai zauna a buɗe kwana biyar. A raina na gama yanke hukunci cewa na samo bakin zaren: hancin kare ya fi nawa nesa ba kusa ba, ya ji guba ya ƙi shiga. Da rana ƙofa a buɗe take shi ya sa yake yarda.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Wari ya tafi sarai. Mun mayar da riɗi da gero. Tun ranar Litinin na daina tilasta masa komai, sai dai na mayar da kaskon abincinsa kusa da siton, kullum ina matsar da shi taku biyu. Ranar Alhamis ya ci a dokin ƙofa. Jiya da rana ya ci a ciki.

Daren jiya wata ya cika, tsakar gida kamar rana. Na bar ƙofar sito a wangale, hasken ya faɗa ciki kamar tabarma. Barsu ya shiga da kansa, ya kwanta daidai inda hasken ya tsaya. Na yi murna, na je na turo ƙofa a hankali. Ko rabi ban kai ba ya zabura ya fito, har ya bugi ƙafata.

Ke nan ba warin ba ne kaɗai. Da guba ce duk matsalar, da yanzu ta wuce.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na kai awaki biyu kasuwar Maigatari. A layin 'yan dabbobi na haɗu da tsohon da ya ba ni Barsu, ya zo sayar da tunkiya. Na durƙusa muka gaisa, na ba shi labari. Bai ce komai ba sai da na gama, sannan ya tambaye ni, "A waje fa, in babu wata, yana yawo kamar da?"

Na buɗe baki zan ce e, sai na tsaya. Tun damina na lura ya daina zagaya gida da dare, yana kwanciya wuri ɗaya jikin danga. Na ɗauka tsufa ne. Kuma akwai daren da ya yi karo da baro a ƙofar gida, yara suka yi ta dariya.

"Yaro, karenka dundumi gare shi," in ji shi. "Uwarsa ma haka ta ƙare. Da rana ta kamo zomo, da dare ta faɗa rami."

Na ce, Baba, kare da dundumi? Ai ido gare su kamar na mage. Ya ce to shi ne abin dubawa. Lafiyayyen kare ba ruwansa da duhu, in ka ga yana tsoronsa, ko dai wani abu ya taɓa samunsa a ciki, ko kuma idon ne ya fara tafiya.

A mota ina ta juya maganar. Gaskiyarsa ce. A bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai ƙyalli kamar madubi, shi ne ke mayar da haske ya sake bi ta cikin ido, kuma shi ne koren da muke gani in mun haska shi da tocila. Ƙwayoyin da ke aiki a ƙarancin haske ma sun fi yawa a idonsa fiye da namu. Ɗan hasken taurari da ba ya isar mutum, shi ya wadatar da shi. Sai dai duk da haka haske yake buƙata ko yaya ne. A ɗakin da babu ko ɗigo, kare da mutum duk makafi ne, shi dai ya fi mu hanci da kunne. To me ya sa bai taɓa damuwa a tsohon ɗaki ba? Can asabari ne a ƙofa da tsagogi a bango, ga shi ya haddace ɗakin shekara da shekaru, rumbun ƙasa na nan inda yake, tukwane na nan inda suke. A sabon sito kuwa kullum sai mun motsa buhu.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na jira har wata ya ɓace don gwajin ya yi ma'ana. Wannan shi ne aikin da ya fi komai amfani tun da na fara.

Da la'asar na jera kaya a filin ƙofar gida, ba bisa tsari ba: turmi, jarka biyu, bokiti, kujera 'yar tsugunno, kwando. Babban ɗana ya riƙe Barsu a wancan gefe, ni na tsaya a wannan da ƙanzo a hannu, na kira. Ya ratso tsakaninsu a guje bai taɓa ko ɗaya ba. Sau uku muna canja wa kayan wuri, sau uku yana wucewa.

Bayan sallar magariba, lokacin da ni har yanzu ina iya gane fuskar yaron daga nesa, muka sake. Sai ya koma kamar wani kare daban. Ya saukar da kai har hancinsa na shafar ƙasa, yana ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai tafiya cikin ruwa. Ya bugi jarka da ƙirji, ya ja da baya, ya kauce ya bugi bokiti. A karo na biyu ya ƙi tasowa ma sam, ya zauna yana kaɗa bindi yana kallon inda muryata take, ba inda nake ba, don na ɗan matsa gefe bayan na yi kiran.

Na ƙara da gwajin auduga. Ana amfani da ita ne don ba ta ƙara in ta faɗi, ba ta da wani ƙamshi. Da rana in na saki ɗan ƙulli a gabansa, idonsa na bin sa har ƙasa. Da almuru na saki biyar, bai ga ko ɗaya ba. Na haska idonsa da tocilar waya: baƙin tsakiya ya buɗe ƙwarai, kuma yana jinkirin tsukewa, ga koren nan yana walƙiya fiye da yadda na san shi.

Inna na zaune a bakin zaure tana kallon duk abin da muke yi. Da ya bugi bokitin sai ta ce, "Wayyo, bawan Allah." Ba ta sake zancen tsamiya ba. Ni kuwa tsumagiyar nan ce ta tsaya mini a rai.

Laraba, 4 ga Disamba

Na ɗauko malamin dabbobi a babur daga cikin gari. Da ma zai duba shanun maƙwabcina, sai muka raba kuɗin mai.

Tambayarsa ta farko ta ba ni mamaki: ko mun yi wa karen allurar ivermectin ta shanu? Ya ce mutane na yi don kaska da ƙazuwa, su zuƙa da yawa kamar na ɗan maraƙi, kuma in ta yi yawa takan makantar da kare na ɗan lokaci, har da tangaɗi da dalalar miyau. Na ce ba mu yi ba. Ya duba dasashinsa, ya laluba kunnuwa da tsakanin yatsu ya cire kaska uku, ya ce ciwon da kaska ke sa wa kare ma kan taɓa ido, amma wannan dasashinsa ja ne, ba zazzaɓi, idon ba ja ba kwantsa. Ɗan shuɗin hazo da na gani a cikin idon ya ce na tsufa ne, kusan duk karen da ya wuce shekara bakwai yana da shi, ba yana ba ce, kuma ba ya hana gani.

Ya ajiye mini abu biyu. Na ɗaya, dundumin rashin sinadarin bitamin A, irin wanda ke kama mutane ma, wanda tun kakanni ake wa magani da hanta. Karen ƙauye da ba ya samun komai sai ƙanzo da dusa zai iya faɗawa ciki, kuma abinci na gyara shi. Na biyu, lalacewar bangon bayan ido a hankali, wadda ake gado. Ita ƙwayoyin ganin dare take fara ci, sai daga baya ta kai ga na rana. Ba ta da zafi, ba ta da magani. Da na gaya masa maganar uwar Barsu sai ya girgiza kai.

"Dakta, to yaya za a tabbatar?" Ya ce sai an leƙa can cikin idon da na'ura, irin wadda ake samu a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Muka dubi juna muka yi murmushi. Wa zai ɗauki kare a motar haya daga nan har Zariya? Ya ce in gwada hanta, yanka kamar yatsa biyu, sau biyu a mako, da ɗigon manja a abinci, kada in wuce haka don yawanta ma cuta ne. Ya hana a ɗiga masa maganin idon mutane ko a matsa masa wani ganye. Ya kuma ce a daina zuba masa ragowar miya mai yawan albasa, tana lalata jinin kare, abin da ban taɓa ji ba.

Kafin ya tafi ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda rabonsa da ita ya fi shekara biyu, alhali duk shekara ya kamata. Ya nuna mini kwalbar, ta Vom ce, can Jihar Filato.

Alhamis, 12 ga Disamba

Mahaucin garinmu ya yi ta tsokanata. "Malam, yau kuma kare ne da hanta, mu da huhu?" Maiɗakina ba ta yi dariya ba. Ta ce yara na kallo ana ba kare abin da su sai da salla. Tana da gaskiya. Yanzu in na sayo, kashi uku nasu, ɗaya nasa.

Na sayi 'yar fitilar sola mai faranti a jiki. Na rataye ta a ƙusa daidai gwiwata, kusa da ƙofa daga ciki, don ƙasa yake buƙatar gani ba rufi ba. Buhuna na jera su jikin bango biyu, na ja layi da gawayi a siminti, na ce wa kowa kada buhu ko kwando ya tsallake layin nan. Tsohon buhun algarara da yake kwanciya a kai a jikin danga na ɗauko na shimfiɗa ƙarƙashin fitilar ba tare da na kakkaɓe shi ba.

Dare uku na farko ƙofa a buɗe, ni ina zaune a dokin ƙofa da rediyo har ya yi barci. Shekaranjiya na turo ta rabi. Jiya na rufe na ƙirga ɗari, na buɗe, na ba shi ƙashi. Bai tashi daga kan buhun ba.

Litinin, 23 ga Disamba

Ya yi kwana biyar a ciki da ƙofa a kulle, lafiya lau. Sai daren Juma'a kukan nan ya dawo wajen ƙarfe biyu da rabi. Na fita da bargo a ka, na tarar fitila ta mutu.

Laifin hazo ne. Kwana huɗu ba mu ga rana sosai ba, ga ƙura ta yi wa farantin lulluɓi. Yanzu aikin ƙaramar 'yata ne ta goge shi da tsumma da safe da kuma azahar, ta ɗora a kan katanga yana fuskantar kudu, don a wannan lokaci rana ta karkata can. Na kuma gane in na sa fitilar a mafi ƙarancin haskenta tana kaiwa asuba, kuma shi wannan ɗan hasken ya ishe shi.

Na kira magini ya fasa bulo biyu can sama ƙarƙashin kwano, ɗaya gabas ɗaya yamma, aka sa rodi da raga. Ko yaro ba zai iya zura kai ba. Da tun farko na yi haka da hatsin ma ya fi samun iska. Na gina wa ɓarawo ɗaki, na manta da mai gadi.

Talata, 31 ga Disamba

Wata ya sake ɓacewa, na maimaita gwajin turmi da jarka da almuru. Mako huɗu ke nan yana cin hanta. Gashinsa ya yi sheƙi, ya ɗan murmure, amma bokitin nan ya sake buga shi. Auduga biyar, babu ko ɗaya. Da dundumin yunwa ne da an ga sauƙi zuwa yanzu. Na kira Dakta a waya na gaya masa, ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Ka ci gaba da abin da kake yi, kada ku riƙa canja masa wurin kaya. Kare ba kamar mu ba ne, hanci da kunne sun fi ido a wurinsa."

Wani abu da na lura: yanzu ba ya bari in yi nisa da magariba. In zan tafi masallaci sai ya manna kafaɗarsa a ƙafata har ƙofar zaure, nan yake tsayawa. Na koya masa kalma biyu. In na ce "hau" ya san akwai dokin ƙofa a gabansa, in na ce "tsaya" ya san akwai abu. Cikin kwana shida ya riƙe su. Yara sun mayar da abin wasa, sai da na tsawata musu don kada kalmomin su lalace.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Daren Talata wajen ƙarfe uku Barsu ya ɓarke da haushi daga cikin sito, haushi na gaske mai kauri, ba kukan nan ba. Muka fito da tocila da sanduna, maƙwabta ma suka fito. Ba mu ga kowa ba, amma da gari ya waye ga sawun takalmin roba na mutum biyu a bayan siton, sun tsaya daidai ƙarƙashin ramin iska na yamma, sun juya sun bi ta cikin karan dawa.

Ƙanina, wanda ya ce lalaci ne, shi ya je da kansa ya sayo masa ƙashin ƙafar sa.

Inna ta ce ai da ma ta faɗa, kare na ganin abin da ba mu gani. Na ce, Inna, wannan karon ji ya yi. Ta ce in tafi in ba ta wuri.

Laraba, 29 ga Janairu

Tsohon mafaraucin ya aiko mini da saƙo tun farkon wata cewa karyarsa ta haihu a kaka, in ina so in zo. Na ce ba na son jinin uwar Barsu, tunda abin gado ne. Ya ce wannan daga wani gida ta fito, can wajen Hadejia. Na bari kwikwiyon ya cika mako takwas a wajen uwarsa sannan na ɗauko shi ranar Alhamis ta makon jiya, ja ne mai farin ƙirji. Karen bana shi ke maganin zomon bana, in ji tsohon da yake miƙo mini shi a kwali. Dakta ya ce in ya cika wata uku a kawo shi allura.

Kwana biyu Barsu yana yi masa gurnani, rana ta uku na same su a kan buhu ɗaya. Shi ƙaramin tun yanzu nake shiga da shi sito in kashe fitila na ɗan lokaci, in ba shi abin taunawa, don ya san duhun ɗakin tun yana ɗanye. Ko a jikinsa.

Idon Barsu na ƙara ja baya. Da can sai an yi magariba yake fara laluben ƙasa, yanzu tun rana na ja yake rage gudu, kuma jiya da hantsi ya wuce kaskonsa sai da ya juyo da hanci. Amma haki da rawar jiki sun tafi. Da an kira isha'i yakan tashi da kansa, ya bi jikin bango, ya ɗaga ƙafa a dokin ƙofa tun kafin in ce "hau".

Na sayar da riɗi buhu bakwai a makon nan, sito ya yi fili. Ƙanina ya so ya tattara sauran wuri guda ya sa babur ɗinsa a ciki, na ce a'a, babur ya kwana a zaure. Inda buhunan suka tashi na jera fanko cike da ƙaiƙayi, don bangon da Barsu ya sani ya zauna yadda yake.

Yau na cire 'yar ƙararrawar da ke wuyan akuyar Inna na ɗaura wa kwikwiyon. Da almuru ya ruga bayan gida wajen akurki, ƙararrawa na kaɗawa, sai na ga Barsu ya ɗaga kunne, ya miƙe, ya bi ta tsakanin turmi da jarka a bayansa. Inna na nema na in mayar mata da ƙararrawarta. Gobe Alhamis, zan sayo mata wata a Maigatari.